Kukan Modem a Adar da Gobir Tudu

Duk wanda ya taɓa zama kusa da kwamfuta a wani ofishi na Madawa ko na Tawa a farkon shekarun 2000, da wuya ya manta da kukan da take yi kafin ta shiga intanet. Da farko sai a ji lambobi suna fita ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan wani fito mai tsini kamar na shirwa, daga nan kuma sai shuuu, kamar an yayyafa ruwa cikin tafasasshen mai. Idan an taki sa'a kukan ya ɗauke, rubutu ya fito a kan allo cewa an haɗu. Idan kuwa ba a taka ba, sai a ji ƙit, a koma farko. Mai wannan kuka shi ne modem, wato ƴar na'urar da ke mayar da lissafin kwamfuta ya zama sauti domin ya bi wayar tarho, can kuma a ɗaya bakin wayar wani ɗan'uwansa ya sake mayar da sautin lissafi.

Ranar 30 ga watan Satumba na 2025 kamfanin AOL na Amurka ya daina sayar da shiga intanet ta wannan hanya, jaridun duniya suka yi ta juyayi sai ka ce dattijon gari ne ya rasu. Mu a nan modem ya daɗe da kwanta dama ba wanda ya yi masa zaman makoki. Rayuwarsa a garuruwanmu ba ta da tsawo, hannuwan da suka taɓa shi kuma ƙalilan ne. Duk da haka ina ganin ya cancanci a rubuta labarinsa, musamman wahalar da aka sha wajen haɗa shi da Linux, domin a cikin wannan ƙaramar wahala mai karatu zai ga tsohon tarihin waya a ƙasarmu, ya kuma ga iyakar abin da ake kira manhaja mai ƴanci.

Sai mu faro daga wayar kanta, tun da ita ce hanya. Ranar 14 ga watan Yuni na 1898, a birnin Faris, Ingila da Faransa suka dasa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, suka zana baka mai nisan mil 100, wato kimanin kilomita 160, suka ce duk abin da ke cikin bakan na Ingila ne. Wannan zane ya toshe wa Faransawa hanyar kudu mai rijiyoyi, ya tilasta musu bin arewa idan suna son zuwa Damagaram daga bakin kogin Kwara. Haka ayarinsu suka riƙa bi ta Filinge da Tawa da Tamaske da Gidan Bado, suna ratsa duwatsun Adar. A cikin 1901 aka gwabza tsakaninsu da Kel Geres a Galma, kusa da Madawa. Da aka sake gyara iyaka a 1904 da 1906, sai babbar hanya ta gangaro kudu, ta bi ta Ƙonni da Madawa ta nufi Maraɗi. Tun daga nan rabon ya fito fili: Madawa ta samu kanta a bakin hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, Buza da Keita kuwa suka koma bayan dutse.

Wayar tangaraho ta bi sawun sojan, ta tarho ta bi sawun tangaraho. Wanda ya shimfiɗa su bai yi domin manomin albasa na kwarin Tarka ya ji farashin Kano ba. Ya yi ne domin umarni ya fito daga babban birni ya iso bariki, rahoton haraji kuma ya koma. Bayan samun mulkin kai a 1960 an ƙara layuka, an kafa dogayen hasumiyoyin ƙarfe a gefen titi masu miƙa magana daga tudu zuwa tudu, amma siffar abin ba ta sake ba ƙwarai. A garuruwa irin namu tarho kayan ofis ne: na mai mulkin gari, na jandarma, na gidan likita, na gidan waya, sai kuma na ƴan kasuwa ƙalilan. Wajen shekarar 2000 layukan tarho na ƙasa baki ɗaya ba su wuce kimanin 20,000 ba, ga jama'ar da ƙidayar 2001 ta samu ta ɗara miliyan 11, mafi yawan layukan kuma a Yamai suke. A kan wannan ƴar siririyar igiya ce aka zo aka rataya intanet.

Akwai wani abu da mutane da yawa suka manta, ko ba su taɓa ji ba. Wasiƙar lantarki ta riga intanet isowa Nijar. Cibiyar binciken Faransa da ake kira ORSTOM, wadda ta koma IRD a 1998, ta kafa wani tsari mai suna RIO tun ƙarshen shekarun 1980, ya haɗa ofisoshinta na Dakar da Wagadugu da Bamako da wasu birane, har da Yamai, da cibiyarta ta Mompeliye. Na'urorin wannan tsari da Unix suke aiki, suna amfani da wata dabara mai suna UUCP. Dabarar kuwa irin ta motar gidan waya ce: a tara wasiƙu su yi yawa, lokaci ya yi na'ura ta kira ƴar'uwarta ta modem, ta miƙa nata, ta karɓi na can, ta ajiye waya. Ba a ɓata minti ɗaya a banza. Unix ɗin nan kuwa shi ne kakan Linux ta wajen tsari da ɗabi'a. Ke nan wasiƙun farko da masu bincike suka aika daga ƙasarmu, a bayan dangin Linux suka hau. A 1996 aka yi wa Nijar rajistar harufanta biyu na intanet, wato ne, a 1997 kuma aka kafa SONITEL, wadda ta gaji aikin tarho na cikin gida da na waje, ta riƙa sayar da shiga intanet da adireshin da ke ƙarewa da intnet.ne. Ƙofar tana Yamai, kimanin kilomita 500 daga Madawa.

To, mene ne Linux, me kuma ya kawo shi Adar? Kowace kwamfuta tana da uwar manhaja, wadda ke riƙe da ragamar komi, kamar uwargida a cikin gida. Wadda aka fi sani ita ce Windows ta kamfanin Microsoft, kayan sayarwa ce, asalin rubutunta a kulle yake. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya tashi da aniyar gina wata wadda kowa ke da ikon karanta rubutunta, ya gyara, ya kwafa, ya bai wa maƙwabcinsa, ya sa wa aikin suna GNU. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya rubuta ƙwayar tsakiya da aikin ya rasa. Daga haɗuwar biyun aka samu iri-iri: Debian a 1993, Red Hat, sai Mandrake da aka fara a Faransa a 1998, wadda ta samu karɓuwa a ƙasashe masu amfani da Faransanci saboda tana jin harshen sosai. Ƙungiyar jami'o'in ƙasashen Faransanci, AUF, da Linux ta riƙa tafiyar da cibiyoyinta na kwamfuta, har da ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, tana kuma horar da matasa a kai. Ga malamin makaranta wanda albashinsa bai kai kuɗin lasisin manhaja ba, wannan magana tana da daɗin ji. Babu sata, babu roƙo, ƙwayoyin cutar da ke cinye fayil ɗin mutane ta disket ba su kama shi, ga shi kuma yana tafiya a kan tsohuwar na'ura.

Sai dai ƴancin nan ya zo ya ci karo da wata ƙofa a kulle, ƙofar kuwa ita ce modem. Modem na asali cikakken ma'aikaci ne, yana da ƙwaƙwalwarsa, shi ke yin dukan aikin juya sauti. Tun 1981, lokacin da kamfanin Hayes ya fito da nasa, aka samu harshe guda da kusan dukansu ke ji, wanda kowace jimla tasa ke farawa da harufa biyu, AT. Kowace uwar manhaja tana iya magana da irin wannan. Amma daga tsakiyar shekarun 1990 masu ƙira suka gano hanyar rage kuɗi: suka cire ƙwaƙwalwar, suka bar gangar jiki, suka ɗora aikin a kan kwamfutar ta hanyar wata ƴar manhaja, wadda za mu kira ɗan jagora. Ɗan jagoran nan domin Windows aka rubuta shi, sirrinsa kuma ba a bayar ba. Shi ya sa aka laƙaba wa irin waɗannan suna winmodem. Su ne suka cika kwamfutoci masu araha, su ne kuma ke cikin tsofaffin na'urorin da ƙungiyoyin Turai ke turo wa makarantun Afirka. Wasu masu sa kai sun yi ƙoƙari sun samar da ƴan jagora ga wasu daga ciki, irin na Lucent. Na Conexant kuwa wani kamfani mai suna Linuxant ne ya fitar, na kyauta ya tsaya a gudun 14,400, mai son cikakken gudu sai ya biya ta katin banki. Mai karatu sai ya auna ko mutum nawa ne ke da katin banki a Buza a wancan zamani.

Ga kuma tarkon da ya fi kowane ban haushi. Ɗan jagoran yana cikin intanet, kai kuma ba ka shiga intanet sai da ɗan jagoran. Mabuɗin ɗaki ne aka kulle a cikin ɗakin.

Bari in ba da abin da na gani da idona, don kada maganar ta tsaya a sama. Wajen 2004, mu wasu malamai a Madawa mun tattara tatsuniyoyi da kacici-kacici daga bakin tsofaffi, muna son a buga mana ɗan littafin karatu na yara. Wasu abokan hulɗa a ƙetare suka yi alkawarin kuɗin ɗab'i, da sharaɗin rubutun ya isa gare su kafin ƙarshen wata. Su ne ma suka turo mana tsohuwar kwamfuta da Mandrake a cikinta. Layin tarho kuwa muka samu aro a wani ofishi, aka ja mana waya zuwa ɗakin da muke aiki. Wanda muka dogara da shi wani saurayin malamin lissafi ne da ya taɓa samun horo na ƴan kwanaki a Yamai.

Daren farko ya buɗe kppp, manhajar da ke buga lamba, ta ce modem bai amsa ba. Ya sake, ta sake faɗin haka. Ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya rubuta lspci, jerin kayan cikin na'urar ya fito, ya daɗe yana kallon layi guda. Dattijon cikinmu ya gaji ya ce, «Mushe, lafiya dai?» Ya ce, «Baba, abin da na ji tsoro ne. Wannan ba modem ba ne, rabin modem ne.» Ranar hutu ya hau mota zuwa Maraɗi, ya shiga gidan intanet na haya, ya sauko da ɗan jagora a disket biyu. Da ya dawo, ɗaya disket ɗin ya ƙi karantuwa, ƙura da zafin mota sun gama da shi. Ya sake komawa, wannan karo kayan suka iso lafiya, amma ɗan jagoran ya ce shi an ɗinka shi ne domin wata ƙwayar tsakiya dabam da tamu, kuma kafin a sake ɗinka shi sai an samu wasu fayiloli da ba su cikin faifan da aka turo mana. Kwana goma sha suka tafi a haka.

Wanda ya fid da mu wani ɗan kasuwar albasa ne da ke zuwa Kano. Malamin ya rubuta masa a takarda: modem na waje, mai fitilu a gaba, mai wutsiya da baki tara, ko da tsoho ne. Ya kuwa zo da shi a cikin leda, jikinsa duk ya yi ja. Aka cusa wutsiyar a bayan kwamfuta, a ƙofar da Windows ke kira COM1, Linux kuma ke kira ttyS0. Malamin ya buɗe minicom, wadda ke barin mutum ya yi magana da modem baki da baki, ya rubuta AT, ya danna. Harufa biyu suka fito a ƙasa: OK. Ban taɓa ganin manyan mutane sun yi murna da harufa biyu kamar wannan dare ba.

Ashe tafiya ba ta ƙare ba, sai dai yanzu abokin tafiyar yana magana. Wannan shi ne abin da na riƙe game da Linux har yau: ba ya ɓoye maka inda ya faɗi. Da aka ce ya buga lamba, sai ya amsa da NO DIALTONE, wato bai ji kukan layi ba. Muka ɗaga kan tarho, ga kuka nan raɗau. Dalili shi ne an saita kunnen modem ɗin da kukan layin wata ƙasa, namu bai yi masa kama da abin da ya sani ba. Maganinsa umarni ne guda, ATX3, ma'anarsa kada ka jira kuka, buga kawai. Daga nan sai batun yadda ake buga lambar. Akwai ATDT, mai aika kowace lamba da sauti kamar tarho mai maɓallai, akwai ATDP, mai aika ta da ƙyas-ƙyas kamar tsohon tarho mai juyawa da yatsa, wanda tsofaffin na'urorin rarraba kira suka fi ganewa. Aka gwada duka biyun har aka ji tarho na ƙara can nesa, aka ɗauka, fito ya tashi.

A nan ne muka fi daɗewa. Na'urorin biyu su yi ta gaisawa, su yi ta gaisawa, sai a ji ƙit, rubutu ya fito NO CARRIER. Gaisuwar nan da muke ji kamar hayaniya, ciniki ne sosai. Wayar tarho an yi ta ne domin muryar ɗan Adam, siririn zango kawai take ɗauka, daga girgiza 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa. Cikin wannan ƙunci modem biyu ke gwada layi, kowane na cewa ga gudun da nake iyawa, har su daidaita. A jikin kwali an rubuta 56,000, gudun da aka amince da shi a 1998 da sunan V.90, amma wannan sai layi mai tsabta wanda kusan dukansa na zamani ne. Mutum yana iya fahimtar ɗan'uwansa ko da waya na ƙara, domin yana cike gurbin abin da bai ji ba da hankalinsa. Modem ba shi da wannan baiwa.

Malamin ya ƙara wa modem murya da ATL3, ya sa muka yi tsit, ya kasa kunne kamar makanikin da ke sauraron inji. Sa'an nan ya ɗauki fitila ya bi wayar da muka ja da hannunmu. Laifin namu ne. A wuri uku mun haɗa ta da murɗawa kawai, muka naɗe da leda, ɗaya mahaɗin ya yi tsatsa kore, ga shi kuma mun bi da ita ta jikin wayar lantarki, daf da doguwar fitila mai ƙugi. Washegari aka sayo sabuwar waya guda ba gaɓa, aka canza mata hanya. Bayan haka ya yi abin da ya ba ni mamaki a lokacin: ya umarci modem da ya rage gudu, da wani dogon umarni mai farawa da AT+MS, ya tsayar da shi a 14,400. Na ce, «Mushe, mu da ke sauri, kai kuma kana ja masa linzami?» Ya ce, «Malam, jakin da ya kai kaya ya fi dokin da ya zubar a hanya.» Aka buga, aka yi ciniki gajere, sai ga CONNECT 14400.

Saura ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta suna da kalmar sirri, wadda wata manhaja mai suna pppd ke kula da ita. Sau uku ana haɗuwa, bayan ƴan daƙiƙu a kore mu. Ya buɗe littafin da Linux ke rubuta duk abin da ya faru, a /var/log/messages, ya ga an ce ba a yarda da shaidarmu ba. Kalmar daidai take a takarda. Abin da ya faru shi ne allon maɓallanmu na Faransa ne, mai farawa da AZERTY, na'urar kuwa ta ɗauka na Amurka ne, mai farawa da QWERTY. Duk inda ya danna a sai q ta shiga, kalmar sirri kuma ba a ganinta, taurari kawai ke fitowa. Ta biyu ta fi wannan dabara. An haɗu, fitilu na ƙyaftawa, agogon kuɗi na tafiya, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. A intanet kowace na'ura lamba gare ta, sunaye domin mu aka yi su, kuma akwai wata uwar garke da aikinta ke nan, a ba ta suna ta ba da lamba, kamar mai unguwar da ke nuna wa baƙo gida. Tamu kwamfutar ba a gaya mata inda mai unguwar yake ba. Layi biyu aka rubuta a cikin fayil ɗin /etc/resolv.conf, shi ke nan.

Rubutun ya tafi ana saura kwana biyu. Amsar da ta dawo ita ce an gode, amma mene ne waɗannan ƙananan akwatuna da alamun tambaya da suka cika shafi? Ƙugiyoyinmu ne, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, waɗanda dokar ma'aikatar ilimi ta watan Oktoba na 1999 ta tabbatar a rubutun Hausar Nijar. Mun rubuta su da wani zubin harufa na musamman da ke cikin na'urarmu kaɗai, can kuwa babu shi. Tsarin Unicode ya riga ya ba kowane ɗayansu lamba tun farkon shekarun 1990, amma kafin manhajoji da zubin harufa su bi shi an ɗauki lokaci. Sai da muka sake aika zubin harufan da kansa, muka zauna muna kallon ma'aunin tafiya yana jan ciki. A wannan gudu, miliyan ɗaya na harufa yana cin fiye da minti tara, in ba wanda ya ɗaga kan tarho a ofishin da muka ari layin. Sau ɗaya an ɗaga.

Daga baya muka koyi sauran ladubban da ba su cikin kowane littafi. A rubuta wasiƙu duka tukuna, a haɗa, a aika, a karɓa, a yanke, wato dai dabarar RIO ce muka sake ganowa da kanmu. A yi aiki da dare ko da asuba. Da zarar hadari ya taso daga gabas a cire wayar tarho daga jikin modem, domin tsawa ta fi shigowa ta nan bisa ga ta wayar lantarki. Damina guda tana iya cinye modem fiye da ɗaya a gari.

Wannan fa a Madawa ke nan, a bakin babbar hanya. A Buza da Keita abin ya fi haka tsanani, ga shi kuwa duniya ta san sunayensu. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi masu tare iska a kwarin Magiya tare da ƙungiyar CARE. A 1984 aka buɗe babban furojen Keita da kuɗin Italiya da hannun FAO, inda mata da maza suka yi ta jera duwatsu da haƙa ramukan tare ruwa a kan fako, har ya zama abin misali a tarurrukan yaƙi da hamada. An rubuta rahotanni masu yawa a kansa a birnin Rum. Amma malamin da ke koyarwa a ƙauyen da aka yi aikin, in yana da takardar aikawa, direban mota ne gidan wayarsa. Manyan ofisoshi sun fi dogara da rediyon magana. A lokacin yunwar 2005, da ƙungiyoyin agaji irin su MSF suka sauka a yankin, da yawansu da na'urorin tauraron ɗan Adam suka zo, suka tsallake wayar ƙasa gaba ɗaya. A cikin wannan shekara ce shugabannin duniya suka taru a Tunis suna magana a kan giɓin sadarwa tsakanin masu shi da marasa shi.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ba ta yi wa masu son Linux daɗi ba: a wancan zagaye bai ci kasuwa ba. Mai gyaran kwamfuta a Ƙonni ko Maraɗi yana da faifan Windows na kwafi a aljihu, cikin awa guda zai zuba maka shi, winmodem ɗinka ya tashi ba gardama. Na'urori da yawa da suka iso da Linux haka aka wanke su. Ban ga laifin waɗanda suka yi haka ba, mutumin da ke da rahoton aikawa gobe ba ya zaman koyon AT. Ko da Ubuntu ta fito a watan Oktoba na 2004, ta Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu, tana aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa ko'ina a duniya har zuwa 2011, ta warware matsala guda ce kawai. Sauke faifai ɗaya ta modem mai gudun 33,600 zai ci kusan kwana biyu ba yankewa, saboda haka ambulan ɗin ya yi rana. Amma faifan bai zo da mabuɗin winmodem ba. Waɗanda suka jure kuwa sun fita da wani abu a hannu: sun iya bin matsala daki-daki, daga na'ura zuwa waya, daga waya zuwa layi, daga layi zuwa shaida, ba su taɓa na gaba sai sun tabbatar da na baya. Na ga malamin nan yana koya wa ɗalibansa warware lissafi da wannan tsari.

Abin da ya kashe modem ta sama ya zo. A ƙarshen 2001 Celtel ya fara aikin salula a Nijar, a daidai lokacin da aka sayar da mafi yawan hannun jarin SONITEL ga wata haɗakar kamfanin ZTE na Sin da LAAICO na Libiya. SahelCom da Telecel suka biyo, Orange ya shigo a 2008. A 2006 lambobin tarho suka tashi daga shida zuwa takwas don su ishi sababbin masu waya. Eriya ta hau tudun Buza da na Keita, wuraren da wayar jan ƙarfe ta shekara ɗari ba ta wadatar ba. Gwamnati ta maido da SONITEL hannunta a 2012, a 2016 aka haɗe ta da SahelCom aka samu Niger Telecom.

Da ƴan makullan intanet na salula suka shigo, waɗanda ake cusawa a gefen kwamfuta, na koma wurin malamin nan da nawa, domin ya ƙi tashi a kan Linux. Ya cusa shi, ya buɗe baƙin allo, ya kira minicom kamar dā. Na ce, «Mushe, ai wannan ba ya kuka, ba shi da waya.» Bai tanka ba, ya rubuta AT, ya danna. Aka amsa masa da OK. Harshen Hayes na 1981 yana nan a cikinsa, lambar da ake bugawa ce kawai ta koma *99#. Ya gyara layi uku a cikin fayil ɗin wvdial, ya miƙo mini kwamfutar, sa'an nan ya zaro wayarsa ta Android daga aljihu ya ce in duba can ƙasan bayanan na'ura, inda aka rubuta lambar ƙwayar tsakiya. Ta Linux ce.